Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ma'aikatar Lafiya Ta Jihar Kaduna Kan Fargabar Masu Ƙaramin Ciki

Zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna, da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malama ce a wata makarantar matan aure da ke Tudun Wada. Aikina karantarwa ne, amma duk wadda take zama da matan aure kullum safiya tana ganin abin da likita ba ya samun sukunin gani a cikin minti biyar. Roƙona shi ne a mayar da tambayar mai ciki halin da zuciyarta take ciki wani ɓangare na awon farko a kowace cibiyar lafiya ta jihar nan, kamar yadda ake gwada jini da fitsari, kuma a tanadi abin da za a yi mata idan ta ce ba ta cikin kwanciyar hankali.

Na zaɓi in yi magana kan watanni ukun farko ne saboda a nan mace ta fi zama ita kaɗai. A al'adarmu ƙaramin ciki ɓoye shi ake yi. Mai cikin fari tana jin kunyar ko mahaifiyarta ta sani, wata tana tsoron baki, wata tana gudun kishiya ta ji, wata kuma ba ta so ta faɗa sannan ya zube a yi ta yi mata jaje. Ga shi a wannan lokacin ne laulayi ya fi tsanani, a nan ne kuma aka fi yin ɓari. Asibiti ma ba ta je ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farkon kuwa a cikin makonni 12 na farko. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 18 cikin 100 ne kawai na mata suke fara awo a watanni ukun farko. Sauran duk suna gida, kowace da abin da yake cin ta a rai.

Ba ƙaramin adadi ba ne. Wani nazari da aka buga a 2017 a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila, wanda ya tattara bincike 102 daga ƙasashe 34, ya gano kusan mace 18 cikin 100 suna da alamun fargaba mai yawa a watanni ukun farko, adadin kuma yana ƙaruwa idan haihuwa ta matso. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar tana gamuwa da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin goyon ciki ko a shekarar da ta biyo bayan haihuwa. Ku dubi bencin awo a kowane asibiti a ranar da ya cika, ku ƙirga mata biyar-biyar, za ku ga abin da nake nufi.

Kowace mai ciki tana ɗan tunani, wannan ba ciwo ba ne. Wadda nake magana a kanta ita ce wadda gabanta yake faɗuwa ba dare ba rana, barci ya ƙaurace mata, zuciyarta tana bugawa, numfashi yana sarƙewa, ta kasa cin abinci ko da laulayi ya lafa, ta kasa raba kanta da tunanin cewa wani mugun abu yana tafe. Idan ta buɗe baki a gida, amsar da take samu ba ta wuce "laulayi ne, zai wuce", ko "ki yawaita addu'a", ko a ce iska ce a kira mai ruƙiya. Addu'a makamin mumini ce, ni ma ita nake koyarwa. Sai dai mai hawan jini ma tana addu'a, kuma ba mu hana ta shan magani ba.

Abu na farko da na ga ya fi jefa mata cikin wannan hali shi ne ɓarin da ya gabata, ko haihuwar ɗan da bai zo da rai ba. Akwai wata ɗalibata da ta yi ɓari sau biyu a jere. Da ta sake samun ciki, ban ji daga bakinta ba, daga zamanta na gane. Ta bar wurinta na gaba ta koma bakin ƙofa. Ana tsakiyar karatu sai ta miƙe ta nufi banɗaki, ta dawo, kafin a gama shafi ta sake miƙewa. Daga baya ta gaya mini jini take zuwa dubawa. Ta daina ɗaga ko butar alwala da ta cika, ta daina shiga Keke saboda gargada, da ƙafa take zuwa tana tafiya a hankali. Da daddare idan mararta ta ɗan murɗa sai ta zauna har asuba. Dangin miji sun riga sun ce bayanta ba ya riƙe ciki, har an fara zancen ƙarin aure a gabanta. Da ta je awo aka auna jininta, aka duba fitsari, aka ce komai lafiya lau, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Ta dawo gida da fargabarta yadda ta tafi da ita. Ba wanda ya tambaye ta ko tana barci.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, a ɓarin nan biyu ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. An yi mata wankin ciki, an rubuta magani, an sallame ta. Alhali likitoci sun san cewa kusan ciki 15 cikin 100 da aka tabbatar da shigarsu suna zubewa, akasarinsu a watanni ukun farko, kuma kusan rabin ɓarin farkon ciki yana faruwa ne saboda tangarɗa a ƙwayoyin halittar ɗan tayin tun daga samuwarsa. Ba daka ba ne, ba wanki ba ne, ba ɗaukar bokiti ba ne. Sun kuma san cewa mafi yawan matan da suka yi ɓari suna zuwa su haihu lafiya daga baya. Wannan bayani bai fi minti uku ba, amma yana sauke wa mace nauyin laifin da ta ɗora wa kanta, wanda wasu suke ɗauke da shi shekara da shekaru.

Sai laulayi. Mafi yawan masu ciki suna fama da tashin zuciya da amai, saboda sinadarin da mahaifa take fitarwa yana hauhawa har ya kai ƙololuwa wajen mako na 10. Amma akwai kaɗan, mace ɗaya zuwa uku cikin 100, da amansu yake wuce misali: ko ruwa ba ya zama, jiki ya bushe, a rame. Wannan ciwo ne da yake buƙatar ƙarin ruwa da magani a asibiti, kuma bincike ya nuna masu shi sun fi shiga fargaba da ƙuncin rai. A gidajenmu kuwa sau da yawa raki ake kiransa. Ana jiran ta tashi ta ɗora tukunya, warin manja da albasa yana juya mata ciki, uwar miji tana cewa su a zamaninsu har gona suke zuwa da ciki.

Akwai kuma cikin da ya zo ba a shirya masa ba. Wadda ta yi kwanika, ɗanta bai kai ga tafiya ba ga wani ciki, tana cikin zullumi iri biyu: gorin mutane, da tsoron cewa nononta zai cutar da na goye. Nan da nan sai a yaye yaron babu shiri, ya shiga gudawa da rama, ita kuma ta ƙara ganin laifin kanta. Wadda aka yi wa tiyata a haihuwar baya tana lissafin wata wuƙar da kuɗinta. Wadda ta taɓa jijjiga ko zubar jini ta san abin da ta tsallake. Ma'auratan da dukkansu suke ɗauke da jinin sikila, wato AS da AS, sun san kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, kuma wataƙila sun riga sun binne wani. Yarinyar da aka aurar da ƙuruciya ba ta ma san me yake faruwa a jikinta ba, labarin naƙuda kawai take ji a bakin manya a gidan suna. Tsoron mutuwa wajen haihuwa a ƙasar nan ba ruɗu ba ne: binciken 2018 ɗin nan ya ƙiyasta mata 512 suna rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Da wuya ka sami mace a unguwarmu da ba ta san wata da ta tafi a kan gwiwa ba.

Zan daɗe kaɗan a kan maigida, domin bincike daga ƙasashe daban-daban ya yi ta nuna cewa rashin goyon bayan miji da tashin hankali a gidan aure suna cikin manyan abubuwan da suke tafiya tare da fargabar mai ciki. Mun ga mazan kirki da suke ɗaukar tsintsiya su yi shara, su sayo abin kwaɗayi cikin dare, Allah ya saka musu. Mun kuma ga wanda aka gaya masa an yi ɓatan wata ya ce "kuma dai?", ya sa takalmi ya fita. Mun ga wadda ta haifi mata huɗu, tun ciki yana wata biyu ake yi mata barazanar cewa in ba namiji ba ne ta san inda dare ya yi mata, alhali ilimi ya tabbatar daga ƙwayar namiji ake samun jinsin jariri. Mun ga wadda ake duka da ciki. Irin wannan ba za ta taɓa faɗa ba matuƙar mijin ko ƙanwarsa na tsaye a kanta a ɗakin awo. Jihar nan ta amince da dokar hana cin zarafin jama'a tun 2018, akwai kuma cibiyoyin Salama da suke karɓar waɗanda aka ci wa zarafi. Ungozomar da ke cibiyar lafiya ta unguwa ita ce gadar da za ta iya sada mace da wannan taimako, in an koya mata yadda za ta yi tambayar, an kuma ba ta ɗakin da ake rufe ƙofarsa.

Talauci ba sai na yi dogon bayani ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa asibiti kaɗai ya isa ya hana mace awo. Ko da an ce awo kyauta ne, akwai hoton ciki, akwai gwaje-gwaje, akwai kayan haihuwa, akwai ragon suna, ga kuɗin makarantar na gaba. Ana ce mata ta ci ƙwai da kifi da ganye, ita kuwa tunaninta yadda mudun masara zai kai gobe.

Haka ma rashin tsaro. A Rigasa da wasu unguwannin gefen gari akwai matan da suka baro ƙauyukansu a Birnin Gwari, Giwa, Igabi, Chikun da Kajuru. Wasu an kashe mazajensu, wasu an taɓa sace su ko 'ya'yansu, wasu har yanzu ƙarar babur cikin dare tana sa su zabura. Mace irin wannan idan ta sami ciki, tana raɓe a gidan dangi, babu uwa kusa, babu tsohuwar ungozomar da ta saba da ita, wane irin barci za ta yi?

Wani zai ce ai tunani ne kawai, da ta haihu shi ke nan. Ba haka binciken likitoci ya nuna ba. Fargaba mai tsanani a lokacin ciki tana da alaƙa da haihuwar bakwaini da jariri marar nauyi, kuma tana cikin manyan alamun da suke nuna mace za ta iya faɗawa ciwon damuwa bayan haihuwa, lokacin da jariri ya fi buƙatarta. Kafin a kai can ma, wadda barci ya gagara tana aika yaro kemis ya sayo mata maganin barci, ko ta sha jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, a daidai makonnin da gaɓoɓin jariri suke haɗuwa. Wata kuma dama tana kan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya, da ta ga ciki sai ta watsar da shi rana ɗaya ba shawarar likita, ko ta ci gaba da wanda bai dace da mai ciki ba. Dukkansu haɗari ne, kuma tambaya ce kaɗai take tono su.

Na san yadda ranar awo take. Mata sun cika benci tun bakwai na safe, kowace da katinta a cikin leda da 'yar kwalbar fitsari. A yi jawabin tsafta da abinci, a hau sikeli, a ɗaura abin awon jini a dantse, a kira suna. Ungozoma ɗaya ko biyu ne a kan mata masu yawa, ita ma wataƙila ba ta karya ba. Tana rubutu take cewa "akwai wata matsala?", ƙofa a buɗe, ta bayanki tana leƙe. Wace ce za ta ce "Sista, ina jin kamar mutuwa zan yi" a haka? Ban ɗora wa ma'aikatan laifi ba, ina ganin wahalarsu da idona. Tsarin ne bai bar wa wannan tambaya gurbi ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin jihar nan ba. A Ingila, ƙa'idar aikin awo ta tanadi a yi wa mai ciki gajerun tambayoyi tun zuwan farko, biyu daga ciki kan fargaba: a makonni biyun da suka wuce, sau nawa kika ji hankalinki a tashe ko gabanki yana faɗuwa, kuma sau nawa kika kasa tsayar da tunani? Akwai kuma ma'aunin Edinbura na gano ciwon damuwa, mai tambayoyi 10, wanda ake amfani da shi tun 1987 a ƙasashe da dama. A sa masana su tsara su da Hausar da mata suke ji, da sauran harsunan jihar, a ba su gurbi a katin awo, a riƙa yin su a keɓe. A kuma haɗa da gwajin jini, tun da ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo ma suna sa bugun zuciya, kada a ce wa marar jini tunani ne yake damun ta.

Tambaya ba tare da mafita ba ƙarin ciwo ce, don haka horo ya zama dole. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP tun 2008, wanda aka yi domin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba ne yadda za su kula da masu matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Tana kuma da littafin Thinking Healthy na 2015, wanda ya samo asali daga gwajin da aka yi a karkarar Pakistan, inda matan da suke aikin lafiya gida-gida suka riƙa zama da masu ciki suna tattaunawa da su bisa tsari, aka kuma ga ciwon damuwa ya ragu ƙwarai. Mutanen can Musulmi ne masu kunya da zaman gandu kamar mu. Mu kuwa a Kaduna Allah ya ba mu abin da jihohi da yawa ba su da shi: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Ƙwararrun nan su horar da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na unguwanni, su riƙa bibiyar aikinsu. Mafi yawan matan magana da bayani da sa ido za su wadatar da su a cibiyar da ke kusa da gida. Kaɗan ne za su buƙaci likita. Ina jaddada wannan domin idan aka ce wa mai ciki ta tafi Barnawa tun a karon farko, ba za ta je ba, kuma mai yiwuwa ba za ta sake dawowa awo ba, don gudun a ce ta haukace. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta riga ta nuna hanyar shigar da wannan kulawa cikin asibitocin matakin farko. Jihar da ta ɗauki alƙawarin cibiyar lafiya a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓunta 255 tana da inda za ta dasa wannan aiki.

Sai batun zuwa da wuri. Mata da dama sun gaya mini sun je da cikin wata biyu an ce su koma sai ya yi ƙwari. Ina roƙon a fitar da umarni a rubuce cewa duk wadda ta zo da ɓatan wata a karɓe ta, a buɗe mata kati, a fara ba ta folik asid, a gaya mata a fili alamun da suke buƙatar gaggawa, kamar zubar jini, ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, zazzaɓi, ko aman da ba ya tsayawa, da kuma waɗanda ba abin tsoro ba ne. Rabin zullumin mai cikin fari rashin sanin wannan bambanci ne. Duk wadda aka yi wa wankin ciki kuma, kada a sallame ta sai an yi mata bayani, ita da mijinta in ya samu, an kuma rubuta a katinta domin a ƙara kula da ita a ciki na gaba.

Maza ba sa zuwa ɗakin awo, amma suna zuwa masallaci da coci, suna kuma sauraron rediyo. Hedikwatar Jama'atu Nasril Islam a garin nan take, ga ƙungiyar Kiristoci ta CAN, ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da makarantunta, ga Rediyon Tarayya na Kaduna da KSMC ta jiha. Ku zauna da su. Huɗuba ɗaya da za ta gaya wa magidanci cewa ɓari ba laifin matarsa ba ne, laulayi ba lalaci ba ne, kuma tausasa mata a watannin nan yana cikin haƙƙin da ke wuyansa, za ta shiga gidajen da ma'aikacin lafiya ba zai taɓa shiga ba.

In kun ga ba za a iya farawa a ƙananan hukumomi 23 a lokaci guda ba, a fara da 'yan cibiyoyi a kowace shiyya ta jihar, har da inda 'yan gudun hijira suka fi yawa. A riƙa ƙirga matan da aka tambaya, da waɗanda aka samu da matsala, da waɗanda aka taimaka wa, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon bayan shekara. Makarantun matan aure irin tamu a shirye suke su ba da aji da lokaci ga duk ungozomar da kuka turo ta yi wa mata bayani, kuma za mu tara mata su. Ina fatan jin amsarku a fili, ta rediyo ko ta jarida, domin matan da abin ya shafa su ji da kunnensu.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke hannunku, ya sauki masu ciki lafiya.

Taku,
Wata malamar makarantar matan aure,
Tudun Wada, Kaduna.